Injin da Ya Iya Gaisuwa

Saura ƙiris da ban rubuta wannan labari ba. Ni ba mai magana cikin mutane ba ce, karatuna kuma bai yi nisa ba, sai na riƙa ganin akwai waɗanda suka fi ni dacewa su ɗauki alƙalami. Na jira su, ban ga sun ɗauka ba. Wadda abin ya faru da ita ta yarda in faɗa, da sharaɗin in sake mata suna. Na sa mata Sahura.

A garin Tudun Gawo akwai wata rumfar kwano a bayan kasuwa inda mata ke matsar man gyaɗa. Rumfar ta Alhaji Ɗanbirni ce, gyaɗar ma tasa ce, matan kuwa ladan yini yake ba su. Da can da hannu suke komai. A soya, a murje, a fece, a kai niƙa, a dawo a yi ta juyawa a turmi da ruwan zafi har mai ya taso. Wata ranar kasuwa sai ga Alhaji da wani inji a kan amalanke. Ya ce wani dogon mutum mai lulluɓi ya sayar masa a bakin kasuwar shanu, kafin ya waiwayo ya tambaye shi garinsu ya neme shi ya rasa.

Injin baƙi ne wuluk, dogo, ba ya shan fetur, ba ya neman lantarki, ba shi da wurin kunnawa balle na kashewa. In an zuba soyayyiyar gyaɗa a bakinsa sai ya tashi da kansa, mai ya riƙa zubowa garai-garai ta wannan gefe, tunkuza tana fita ta wancan. A gaban kowace mai aiki akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da kunnen akuya. Ta cikin kunnuwan nan wata murya mai sanyi take fitowa, da safe da rana da yamma, ta ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Ranar farko mata suka watse da salati, wata ta bar takalminta, wata ta bar ɗan kwali. Aka kira liman ya yi addu'a ya tofa, bai ga wani abu ba. Ba a daɗe ba suka saba. Wanda aka gaishe shi kuwa ai sai ya amsa. Suka riƙa cewa, "Ba gajiya," kamar yadda aka koya wa kowa tun yana goye.

Injin kuwa kullum ƙara sauri yake. Da farko har hira suke a kan aiki. Daga baya hira ta mutu, waƙar da suka saba yi ta mutu, sai ƙugi da haki. Alhaji ya kafa kujerarsa a bakin rumfa yana kallon jarkoki suna cika, yana jan carbi yana murmushi.

Wadda ke zuba gyaɗa a bakin injin ita ce Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Sahura, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta. Duk matan rumfar ita ta koya musu sana'ar. Bakin injin yana sama da kanta, sai ta yi ɗage ta ɗaga ƙwarya da hannu biyu. Wuyan hannunta na dama ya kumbura, kafaɗa ta riƙe, ta riƙa ɗaure wurin da tsumma tana jan hannun riga ta rufe. Sahura ce ke gefenta tana kwashe tunkuza, ita ce ke ganin yadda hannun ke rawa. Amma Sahura irin yaran nan ce da ko ƙafarta aka taka ita za ta ba da haƙuri. Lantana, mai toya ƙuli, wadda bakinta ba ya hutawa, takan ce ranar da ta ji muryar Sahura daga nesa za ta yanka kaza ta yi sadaka.

Wata safiya Alhaji ya ce duk wadda ta san ba za ta iya bin injin ba, daga ranar kasuwa mai zuwa ta huta a gida, akwai 'yan mata suna jiran wuri. Bai kama suna ba, amma Gwaggo ya kalla. Sahura ta san aikin nan ne tuwonsu, ta kuma san in aka zaunar da Gwaggo a gida baƙin ciki zai riga yunwa kashe ta.

Da rana ta take, injin ya yi gaisuwarsa, Gwaggo ta riga kowa amsawa da ƙarfi don Alhaji ya ji. Ba a jima ba hannun ya ci amanarta, ƙwaryar ta suɓuce ta faɗa bakin injin. Gwaggo ta miƙa hannu za ta bi ta. Sahura ta daka tsalle ta fizgo ta baya, gefen mayafinta ya shiga cikin haƙoran ƙarfe. Ta ji an ja ta sama, ta ji ihun Lantana, sai duhu.

Ta farka a kan jan rairayi, sama kuwa launinta kamar gindin kaskon da ya sha wuta. Ta yi salati ta tashi. Ko'ina ta duba kayan aiki ne suna aiki ba kowa riƙe da su. Tabare suna daka a turamen da ba komai ciki. Fartanyoyi suna saran dutse. Allurai suna ɗinka iska. A ƙarƙashin kowane akwai ɗan tsibin toka.

Wata tabarya ta bar turminta ta yi tsalle-tsalle ta zo gabanta, ta rusuna, ta ce, "Maraba da 'yar Adam mai hannu biyu. Taimaka ki riƙe ni na ɗan lokaci, wadda ke riƙe da ni ta ƙare."

Sahura ba ta taɓa ƙin aike ba tun da take. Har ta miƙa hannu, sai ta ga sawun yatsu ya lotsa a jikin tabaryar, ƙanana kamar nata. Ta dubi tokar da ke gindin turmin, ta ga guntun awarwaro a ciki. Ta cusa hannayenta biyu cikin zani ta sheƙa da gudu. Tabare da fartanyoyi suka bi ta suna kiranta da sunaye masu daɗi, wannan ya ce ita ce mai ƙoƙari, wancan ya ce bai taɓa ganin yarinya mai biyayya irinta ba. Ba ta waiwaya ba har ta hau wani tsauni, nan suka tsaya, don ba su da ikon hawa.

A ƙwanƙolin tsaunin akwai wata fada ta ƙarfe, duk ta yi tsatsa, ƙofofinta a hangame, ba dogari ba bafade. Ta yi sallama ta shiga. A tsakiyar fadar wani ƙaton aljani yana zaune bisa uwar maƙera, gemunsa na waya, idanunsa kamar bakin murhu. Ta zube ta gaishe shi, muryarta ba ta fita sosai.

Ya ce, "Tashi, ɗiyar ƙasa. Ni ne Sarki Tama, wanda ya fara narka dutse ya fitar da ƙarfe. Duk abin da kika gani yana aiki a kwarin can ƙirata ce. Na san abin da ya kawo ki, na san tsohuwa mai kumburarren hannu. Matso ki ga abin da ban taɓa nuna wa bil'adama ba."

Ya buɗe tafin hannunsa, ga wani ɗan makulli na jan ƙarfe. Ya ce duk wanda ya rataya shi a wuya, injin nan muryarsa kaɗai zai ji, ya ce tsaya ya tsaya, ya ce gudu ya gudu. Ya ce ba ya neman jini, ba ya neman yanka, sharaɗinsa ɗaya ne, kada ta ara wa kowa ko da na ƙiftawar ido ne.

Sahura ta karɓa. Yana taɓa fatarta sai ta ga rumfarsu kamar a cikin ruwan randa. Ta ga kanta ta ce wa injin ya sassauta, ya sassauta, Gwaggo tana zuba gyaɗa a natse. Ranta ya yi fari. Sai hoton ya juya. Ta ga kanta a bakin rumfa bisa kujerar Alhaji. Ta ga mata suna satar kallon fuskarta kafin su yi dariya. Ta ji Lantana tana kiranta Hajiya cikin ladabi, ba tsokana ba wasa. Sai ta ga Gwaggo ta zo wucewa ta gabanta, ta ja hannun riga ta rufe kumburin, ta ɓoye mata shi kamar yadda take ɓoye wa Alhaji.

Ta durƙusa ta ajiye makullin a gaban ƙafarsa. Ta ce, "Allah ya ƙara girma. Ya fi ƙarfin wuyana."

Sarki Tama ya yi wani ruri da ya sa tsatsa ta riƙa zubowa daga rufi kamar ruwan sama. Ya ce a duk zamaninsa bai taɓa ganin talakan da aka miƙa wa sarauta ya mayar ba sai a wannan lalataccen zamani. Ya yunƙura zai kamo ta, ashe ya daɗe da mannewa a jikin uwar maƙerar, bai iya tashi ba. Ta fita ta ƙofar baya ta gangara.

A gindin tsaunin ta tarar da wani kogi baƙi mai kauri, yana tafiya a hankali yana tafasa nan da can. Ga kwalekwale a bakin ruwa cike da aljanu. Akwai masaƙi mai hannaye da yawa kamar gizo, akwai wata marinya shuɗiya har ƙwayar ido, akwai magini wanda jikinsa duk laka ce tana tsagewa in ya yi dariya. Suka amsa sallamarta suka matsa mata wuri. Ta duba ta ga ba sarkin jirgi, ba mai karɓar kuɗin fito. A tsakiya akwai filafilan tuƙi jibge, manya da ƙanana, marinyar ta ce kowa ya zaɓi daidai hannunsa. Sahura ta sami wani gajere mara nauyi.

Kowa ya faɗi inda za shi da babbar murya. Da aka zo kanta ta sunkuyar da kai ta yi raɗa. Jirgin bai motsa ba. Ta jira wani ya faɗa a madadinta kamar yadda Gwaggo ke yi mata a gida. Ba wanda ya tanka. Can saman tsauni kuwa ana jin rurin Tama, duwatsu sun fara mirginowa.

Marinyar ta ce, "Ɗiyar mutane, a jirgin nan ba a amsa wa kowa. In duwatsun can za su same mu, su same mu tare, amma bakinki naki ne."

Sahura ta rufe ido ta ce tana neman waɗanda suka ƙera injin da ya iya gaisuwa. Ita kanta ta tsorata da jin muryarta. Jirgin ya zabura ya shiga ruwa, wani dutse ya faɗo daidai inda suka bari.

A tsakiyar kogi suka haɗu da wani wuri da ruwa ke juyawa yana haɗiye duk abin da ya kusanto. Masaƙin nan shi kaɗai zai iya tuƙin mutum goma, amma bai yi ba. Duk suka zuba wa filafilin Sahura ido, in ta tsoma su tsoma, in ta ɗaga su ɗaga. Ta ji kunya, ta ce su yi saurinsu kada ta jawo musu halaka. Maginin ya ce in gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi jirgin juyawa zai yi ya kai su bakin ramin, ta dai ci gaba. Haka suka ratsa ta gefen wurin a hankali, tururi yana dukan fuskokinsu, har suka fita.

A ƙetaren akwai birni babba, ba ganuwa, ba ƙofa. Ko'ina ƙarar guduma da zugazugi da masaƙa, amma ba irin ƙugin rumfarsu ba, don ana jin waƙa da dariya a tsakani. Sahura ta roƙi marinyar ta kai ta fada ta yi gaisuwa. Marinyar ta ce ai fadar ƙarshe ita ce wadda ta baro a kan tsauni. Ta ce a nan kowace sana'a da zaurenta, masu yin aikin su ke yanke yadda za a yi shi. In magana ta shafi masaƙa da marina, kowane zaure ya tashi ɗan aike ya kai abin da aka ce, ya dawo da abin da ya ji. Ɗan aiken da ya ƙara gishirinsa a kan saƙo, a ranar za a karɓe aiken a ba wani. Sahura ta tambaya wa ke hukunta malalaci. Marinyar ta ce suna da malalata kamar kowa, suna da masu gardama fiye da kowa, wani taron ma sai a wuni ba a gama ba. Ta ce duk da haka ba ta san wanda ke son komawa tsauni ba.

Ta kai ta zauren maƙera, aka aika aka kira masu matsar mai na birnin. Suka zauna a da'ira a ƙasa, ba wanda ya fi wani tudu. Akwai wata 'yar guduma da ake miƙawa, wanda ke riƙe da ita shi ke magana. Wata maƙeriya mai suna Gaushi, gajera, gashinta yana tartsatsi, ta karɓi gudumar ta ce injin da baƙuwa ke nema nasu ne, wani tsohon baran Tama ya sace shi. Ta ce ba su ƙera shi ba sai da suka zauna da masu matsar mai tun daga kaka har bazara, suna kallon inda baya ke ciwo, inda yatsa ke maƙalewa. Masu man ne suka ce ba sa son makulli, don makulli aljihun mutum ɗaya yake shiga. Su ne suka ce a sa kunne a gaban kowa.

Ta juyo ga Sahura ta ce, "Ya ke baƙuwa, injin nan ba ya gudu sai da izinin masu aikinsa. Yakan tambaye su, ya ɗauki tafiyar wanda ya fi kowa gajiya. In kowa ya ce da sauran ƙarfi, sai ya ɗan ƙara. Yaya aka yi yake cin hannayenku? Ko ya daina tambaya?"

Aka miƙa wa Sahura guduma. Ta ce yana tambaya, safe da rana da yamma.

"Me kuke ce masa?"

"Mukan ce, ba gajiya."

Zugazugin da ke hura kansa a lungu ma sai da ya tsaya.

Gaushi ta ce, "Dukanku? Har da mai kumburarren hannu?"

"Ita ta fi kowa ɗaga murya."

"Ba kwa gajiya ke nan, ku 'yan Adam?"

"Muna gajiya. Wata ko tuwo ba ta iya tuƙawa in ta koma gida."

"To, don girman wanda ya halicce ku da mu, me ya sa kuke faɗa masa abin da ba haka ba?"

 Sahura ta juya gudumar a hannunta. Ta ce, "Ai gaisuwa ce. Haka ake amsawa. Ko mutum yana kan gadon asibiti aka ce masa ina gajiya, ba gajiya zai ce. Rashin tarbiyya ne ka kai ƙarar jikinka wurin wanda ya gaishe ka."

Wani tsohon maƙeri ya fashe da dariya har wuta tana fita ta hancinsa. Wata daga cikin masu mai kuwa kuka ta sa, ta ce ita ta zaɓi muryar nan mai sanyi don kada kowa ya ji nauyin faɗin gaskiya, ashe sanyin ne ya sa aka ɗauke ta gaisuwa. Guduma ta yi ta yawo. Wani ya ce a je a ɗauko injin. Sahura ta ce in an ɗauke shi Alhaji wani zai sayo, mai makulli. Wani matashin aljani ya ce a bar shi da Alhajin na dare ɗaya, aka ce ya zauna. Tsohon nan ya ce a sake wa injin tambaya, a sa ya riƙa auna zufa da bugun zuciya ba sai ya ji ta bakin kowa ba.

Gaushi ta ce, "Ba ma yi wa mutane ƙira a bayan idonsu. Yarinya ɗaya ce a gabanmu, su kuwa suna da yawa. In sun zauna sun ce ga yadda suke so, sai su aiko, mu zo da guduma."

Ta faɗa wa Sahura abu biyu. Na farko, injin ba ya jin muryar wanda hannunsa ba ya cikin aikin, ko da zai yi ihu har maƙogwaronsa ya tsage. Na biyu, an yi shi ne daidai tsayin aljanu, amma a kowace ƙafarsa akwai ƙusa, in aka zare su lokaci guda zai sauko daidai ƙugun mace. Mutum ɗaya ba ya iyawa, da gangan aka yi haka.

Sahura ta ce akwai sauran matsala. In Gwaggo ta ce ta gaji a gaban Alhaji, ba sai an jira ranar kasuwa ba, a take zai sallame ta.

Aljanar da ta yi kuka ta share ido ta ce, "In ita kaɗai ta faɗa. A zamanin Tama haka muka yi ta faɗa ɗaya-ɗaya, yana tura mu kwarin toka ɗaya-ɗaya. Ranar da muka faɗa gaba ɗaya, ya duba ya rasa wanda zai aika ya kama wani."

Sahura ta roƙe su su biyo ta su yi wa matan bayani, don ita ba wanda zai saurare ta. Suka ƙi. Gaushi ta ce in sun bayyana a rumfar, ko dai matan su gudu, ko su durƙusa su yi abin da aka ce don tsoro, wannan kuwa an sake Alhaji ne kawai. Ta kama hannunta ta kai ta bakin wani mazurari mai ƙanshin gyaɗa, ta ce ta yi bisimilla ta rufe ido.

Sahura ta faɗo cikin daron mai tsamo-tsamo, a tsakiyar rumfa. Ko la'asar ba a kira ba. Mata suna ta kururuwa, Gwaggo tana kwance an yayyafa mata ruwa, Alhaji yana zagaya injin yana neman inda zai kashe shi. Da suka ga Sahura ta tashi ba ko ƙwarzane, Lantana ta taɓa ta ta lasa yatsa, ta ce yau kam an matso man da ya fi kowane tsada. Gwaggo ta rungume ta tana kuka tana yi mata faɗa. Alhaji ya yi hamdala, sannan ya tambaya ko man daron zai sayu.

Da yamma, suna wanke kwanuka a bakin rijiya bayan Alhaji ya tafi masallaci, Sahura ta faɗa musu. Idonta a ƙasa, ta bar labarin tabare da tsauni, ta faɗi na gaisuwar da na ƙusoshin. Wata ta ce mai ne ya shiga mata kai. Wata ta ce ita 'ya'ya gare ta, ba za ta yi wasa da abincinsu ba. Lantana ta ce ita dai ta lura duk sanda suka amsa sai ƙugin ya ƙaru, ta ɗauka kunnenta ne.

Gwaggo ta ce, "Ni Tabawa, in buɗe baki a gaban namiji in ce na gaji? Uwata ta yi daka ranar da ta haife ni, ba wanda ya ji ta ce wash. Ke dai ki gode wa Allah da ya dawo da ke, ki kama bakinki."

Aka watse ba wadda ta yi alkawarin komai.

Washegari Sahura ta riga kowa zuwa. Ta share rumfar, ta tsugunna ta duba ƙafafun injin, ga ƙusoshin nan kuwa. Mata suka iso, Alhaji ya kafa kujerarsa, Gwaggo ta yi ɗage ta zuba ƙwaryar farko tana cije leɓe. Injin ya tashi. Muryar nan mai sanyi ta fito ta kowane kunne.

"Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Sahura ta ga bakunan mata sun buɗe za su amsa yadda suka saba.  Ta dafa tunkuza da hannu biyu, ta matsa bakinta kusa da kunnen ƙarfen, ta faɗa da irin muryar da ta tashi jirgi.

"Akwai gajiya."

Ƙugin ya ɗan sauka. Kowa ya ji. Alhaji ya miƙe ya ce wace mara kunya ce wannan, ta ɗauki mayafinta ta fita. Sahura ba ta motsa ba.

Lantana ta ajiye matsami ta ce, "Kaza ta hau kaina. Inji, ni ma akwai gajiya, har da ciwon baya."

Ta kusa da ita ta faɗa. Mai 'ya'yan nan ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa, ta faɗa a hankali. Magana ta zagaya rumfar, injin yana sauka, har aka fara jin kukan kurciya a kan kwano. Alhaji ya ruga ya kafa baki a wani kunne yana ta cewa ba gajiya, ba gajiya. Injin bai san yana yi ba. Lantana ta miƙa masa ƙwarya cike da gyaɗa, ta ce, "Bisimilla, Alhaji. Sai mai aiki yake ji. In ka yi yini ɗaya a nan, sai mu ji amsarka." Ya dubi farar rigarsa, ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda zai fara kora, bai karɓi ƙwaryar ba.

Saura Gwaggo. Tana tsaye da ƙwarya a ka, fuskarta a ɗaure, ba ta kallon kowa. Muryar ta sake fitowa ta kunnen da ke gabanta ita kaɗai, ta ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Gwaggo ta sauke ƙwaryar. Ta ja hannun rigarta sama, ta kwance tsumman, kumburin ya fito fili kowa ya gani. Ta ce, "Ɗan nan, tun kafin a ƙera ka."

Injin ya koma tafiya kamar numfashin mai barci. Sahura ta goge hannunta a zani, ta je ta tsugunna a gindin ƙafar injin ta kama ƙusa ɗaya. Ta ɗaga kai ta kira Lantana da wasu biyu da sunayensu, da ƙarfi, ta ce kowacce ta kama tata.